Baƙin Mai

Wata bakwai ban taka majami'a ba.
Na ce Allah ba shi da unguwa,
yana ji na a gareji, bayan tashar Tawa,
tsakanin tayar da ta fashe da wadda ke shirin fashewa.
Gaskiya ne, yana ji.
Sai dai addu'ata ta rame kamar akuyar bazara,
ba kowa cikinta sai ni da cikina,
sai Barnaba, wanda ya ce gaban dattawa
na ci kuɗin kwanon rufi.
Jika goma sha biyu. Ban ci ba.

Ran Asabar Inna Tabita ta jawo ƙafarta mai ciwo,
ta zauna bisa mataccen batir.
Ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta ce, "Iliya, bencin nan na baya ya lalace,
tun da ka bar ƙarshensa
in mutum ɗaya ya tashi sai mu kife.
Zo ka danne mana shi."

Don benci na je, na faɗa wa raina.

Wuta ta ɗauke tun kafin a fara,
fanka ta tsaya, kwano na gasa mu.
Ga Kosi ɗan Togo da zare maƙale a hularsa,
ga Lompo mai gadi, bai runtsa ba tun jiya,
ga matan da suka zo daga Galmi,
zannuwansu na ƙanshin albasa da sabulu.
Ƴar lakwal ce ta yi karatu,
tana bin layi da yatsa:
zabura ce a kan ƴan'uwa masu zama tare,
da man da aka zuba a ka,
ya bi gemu, bai tsaya ba sai wuyan riga.

Ta yi zancen raɓa bisa dutse,
wannan ban gane sosai ba,
duwatsun Adar ba su saba da ita ba.
Amma mai, ni na san mai.
Shekara ashirin hannuna na cikinsa.
Ƙarfe biyu, ko maƙerinsu ɗaya,
in sun goga juna a bushe
sai zafi, sai ƙara, sai inji ya tsaya.
Ba raba su ake yi ba.
Mai ake zubawa.
Shi kuwa ba ya zama inda aka zuba shi,
sai ya gangara ya nemo ƙaramin noti
wanda kowa ya manta da shi can ƙasa.

Aka ɗaga murya, na buɗe baki,
maƙogwaro ya ƙi.
Lompo na gefena yana rerawa
kamar babbar mota a hawan tudu da lodi,
ba daɗi, amma tana tafe,
na ɗane bayanta ta kai ni.
Abin da na kasa faɗa wa Ubangiji ni kaɗai
baki arba'in suka faɗa, har da nawa rabon.

Sai aka ce a gai da juna.
Ɗakin ƙarami ne, babu wurin ɓuya.
Barnaba ya iso da farar rigarsa ta Lahadi.
Bai ce in yafe ba, ni ma ban ce na yafe ba.
Ya dube ni ya ce, "Ka rame."
Na kama kafaɗarsa don kada in faɗi.

Sau uku na wanke hannun nan da safe,
amma baƙin mai ba ya jin sabulu:
yatsu biyar suka fito a wuyan rigarsa.

Maganar kuɗi tana nan,
dattawa sun ce sai Alhamis.
Matarsa ta wanke rigar har da toka,
tabon ya ƙi fita.
Jiya ya sake sa ta.
Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin,
Inna Tabita ta tashi, ta zauna, ta sake tashi,
babu wanda ya kife.